Yadda ɗaliban da ke karatu a Malesiya za su shirya tafiya bakin teku da abokai

Da yawa daga cikinmu da muka fito daga Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi ko Damagaram ba mu taɓa ganin teku ido da ido ba sai da karatu ya fitar da mu ƙasar waje. Babban ruwan da muka sani shi ne dam ɗin Tiga, ko kogin Kwara ta wajen Yawuri, ko kududdufin bayan gari da ake hana yara kusanta da damina. Sai ga ka a Malesiya, inda ko gabas ka nufa ko yamma, 'yan awoyi kaɗan za ka tarar da gaɓa. Da an ajiye alƙalamin jarrabawa sai wani ya jefo maganar a zauren WhatsApp: "Jama'a, ya kamata mu je mu sha iskar teku." Kowa ya ce na'am. Daga nan ko dai maganar ta bi ruwa, ko a tashi babu shiri a dawo ana ƙunƙuni. Na yi irin wannan tafiyar sau da dama, wasu sun yi daɗi, wasu sun koya mini darasi. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi ta daki-daki.

Mataki na 1: Ku san ku nawa ne, ku naɗa shugaba da ma'aji

Mutum huɗu zuwa takwas sun isa. Idan aka haura haka, mota ɗaya ba ta ɗauka, ɗaki biyu ba sa isa, kuma kowace shawara sai ta zama taro. Ku fitar da sabon zaure na waɗanda suka tabbatar za su je kaɗai, ba na masu "in sha Allahu zan duba" ba.

Hadisi ya zo cewa idan mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha da mutum bakwai masu ra'ayi bakwai ya san hikimar hakan. Shugaba shi ke yanke lokacin tashi da na dawowa. Ma'aji kuma wani daban, wanda aka san ba ya jin nauyin cewa "Malam, kuɗinka bai shigo ba."

A wannan zaman na farko ku yi tambayar da aka fi gudu: wa ya iya iyo, wa bai iya ba? A faɗi gaskiya. Za mu dawo kan wannan da faɗi.

Idan tafiyar ta haɗa 'yan'uwa mata, a tsara masauki daban-daban tun farko, kuma a bar su su zaɓi wurin da hankalinsu ya kwanta da shi. Ban da abin da addini ya tanada, a Malesiya hukumomin addini na jihohi suna hukunta Musulmi namiji da mace da ba ma'aurata ba idan aka same su keɓe a ɗaki, abin da suke kira khalwat. Ma'aurata su tafi da kwafin takardar aurensu.

Mataki na 2: Ku fara zaɓen wata kafin ku zaɓi wuri

Nan ne sababbin zuwa suka fi yin kuskure. Mutum zai ga hoton wani tsibiri mai ruwa garai-garai a intanet, ya ce nan za mu, bai tambayi wane wata aka ɗauki hoton ba.

Malesiya ba ta da rani da hunturu irin namu, amma tana da iskar damina mai juyawa. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ko farkon Maris, iskar arewa maso gabas tana bugun gaɓar gabas, wato jihohin Kelantan, Terengganu, Pahang da gabashin Johor. Teku yana haukacewa, ruwan sama yana sauka kamar da bakin ƙwarya, wasu garuruwan har ambaliya suke yi. A wannan lokacin yawancin masaukan tsibiran Perhentian da Redang rufewa suke yi, na Tioman ma da yawa haka, jiragen fito kuma ko dai su tsaya ko su ragu sosai. Mu kanmu mun taɓa tara kuɗi cikin Disamba da nufin Perhentian, saboda lokacin ne kowa ya samu sarari. Wani abokin karatunmu ɗan Terengganu ne ya ji maganar ya riƙe baki, ya ce ko mun isa Kuala Besut, garin da ake hawa jirgin fito zuwa can, ba za mu samu wanda zai tsallakar da mu ba. Dole muka juya akala yamma.

Saboda haka: idan hutunku ya faɗo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ku nufi gaɓar yamma, wato Langkawi, Pangkor ko Port Dickson, waɗanda iskar arewa maso gabas ba ta bugunsu kai tsaye. Idan tsakanin Afrilu da Satumba ne, gabas a buɗe take, kuma can ne ruwan ya fi haske.

Sai ku duba kalandar ƙasar. Ƙaramar Sallah, wadda suke kira Hari Raya Aidilfitri, da sabuwar shekarar 'yan Sin, da hutun makarantun firamare da sakandare, lokuta ne da kowa ke komawa garinsu. Tikiti yana ƙarewa da wuri, ɗaki yana tsada, manyan hanyoyi suna cunkushewa. Ɗalibi yana da wata dama da ma'aikaci ba shi da ita: zai iya tafiya ranar Litinin ya dawo Laraba. Ku ci moriyar wannan. Ku kuma tuna cewa a Kedah, Kelantan da Terengganu hutun ƙarshen mako Juma'a da Asabar ne.

Mataki na 3: Ku zaɓi wuri daidai aljihu da kwanakin da kuke da su

Port Dickson, a jihar Negeri Sembilan, ita ce ta kusa ga 'yan Kuala Lumpur, Serdang, Bangi da Nilai. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce a mota daga babban birni, ko ku hau jirgin ƙasa na Komuter zuwa Seremban ku ƙarasa da Grab, manhajar kiran motar haya ta waya. Ruwanta ba shi da hasken da ake gani a hotuna, amma ga mai yini ɗaya ko kwana ɗaya, gaɓar Teluk Kemang ta wadatar, ga masu gasa kifi, ga wurin sallah.

Pangkor, a jihar Perak, ita nake ba wa masu tafiyar farko shawara. Bas daga babbar tashar TBS da ke Kuala Lumpur zuwa Lumut kamar awa huɗu ne, sannan ɗan gajeren fito. Tsibirin ƙarami ne, ana zagaya shi da motocin haya masu launin ruwan hoda, kuma a Teluk Nipah akwai masaukai masu sauƙin kuɗi dab da gaɓa.

Langkawi, a jihar Kedah dab da iyakar Tailan, tarin tsibirai 99 ne, kuma tun 1987 aka cire mata harajin kaya, shi ya sa kowa ke dawowa da cakulan. 'Yan jami'ar da ke Sintok su ne maƙwabtanta. Tana bukatar aƙalla kwana biyu cikakku, in ba haka ba wahalar hanya ta fi hutun yawa. Pantai Cenang ita ce gaɓa mai hada-hada, da shaguna da kiɗa da mashaya da dare. Wanda ba ya son wannan hayaniyar ya nemi masauki can gefe, ya riƙa zuwa Tanjung Rhu da safe.

Perhentian kuwa sai a lokacinta. Bas na dare zuwa Kuala Besut, sannan ƙaramin jirgi mai gudu na kamar minti 30 zuwa 45. Babu tituna, babu motoci, kuma akwai kuɗin shiga yankin da aka keɓe don kare halittun ruwa. Ku ciri tsabar kuɗinku tun kuna kan tudu, kada ku dogara da samun na'urar ATM a can.

Mataki na 4: Takardu da izini

Kada kowa ya fita ba tare da fasfo ɗinsa da katin ɗalibi na i-Kad ba. Masauki zai nemi shaida, kuma a yankunan kan iyaka irin Langkawi ana iya tsayar da kai a tambaye ka. Wanda fasfo ɗinsa ke hannun makaranta don sabunta biza, ya karɓi takardar da ke nuna hakan daga ofishin ɗaliban ƙasashen waje, ko kuma ya haƙura da wannan tafiyar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kowa ya ɗauki hoton shafin fasfo, da na biza, da katin inshorar lafiya ya ajiye a waya.

Masu digiri na biyu da na uku, ku sanar da malamin da ke duba aikinku cewa ba kwa nan kwana biyu ko uku. A gida ma a sani. Malesiya tana gaban Najeriya da Nijar da awa 7, don haka idan kun isa da hantsi, a gida tsakar dare ne. Ku gaya wa Hajiya tun kafin ku tashi yaushe za ta ji daga gare ku, kada ta kwana tana juyi.

Mataki na 5: Kuɗi, a gama maganarsa kafin a tashi

Ba abin da ke ɓata zumunci a tafiya kamar kuɗin da ba a fayyace ba. A cikinku akwai wanda hukuma ke biya masa karatu kuma alawus ɗinsa ya shigo, akwai wanda nasa ya makale wata da watanni, akwai wanda mahaifinsa ke canza naira zuwa ringit da kyar. A yi kasafi daidai ƙarfin mafi ƙarancin hali, ba mafi yawa ba.

Ku raba kuɗin gida biyu. Na tarayya: mota, fito, masauki, man fetur, abincin da za a ci tare. Wannan kowa ya tura wa ma'aji kasonsa kafin a sayi ko tikiti ɗaya, ta hanyoyin tura kuɗi ta waya irin DuitNow ko Touch 'n Go. Na kai: tsaraba, hawan babur ɗin ruwa, da duk wani abin marmari. Wannan kowa tasa ta fishshe shi, kuma kada a matsa wa wanda ya ce shi zai zauna a inuwa. A kan na tarayya ku ƙara kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana. In bai taɓu ba a mayar wa kowa nasa.

A ƙa'ida kuma a amince tun farko: wanda ya fasa bayan an sayi tikiti da ɗaki, kasonsa na waɗannan ba ya dawowa sai in ya kawo madadi. Faɗin wannan da wuri ya fi a zo ana kallon-kallo daga baya.

Akwai harajin yawon buɗe ido na ringit 10 kan kowane ɗaki a kowane dare ga wanda ba ɗan ƙasa ba, kuma sau da yawa ba ya cikin farashin da kuka gani a intanet. Wasu masaukan suna karɓar kuɗin ajiya na mukulli da za su mayar ranar fita. Ku tambaya tun a waya.

Mataki na 6: Hanya da masauki

Mu ɗauki Langkawi misali, tunda ita ce mai rassa da yawa. Daga Kuala Lumpur hanya uku ce. Jirgin sama, kamar awa ɗaya, kuma idan aka saya da wuri wani lokaci bai fi kuɗin bas da fito da wani abin kirki ba, sai dai a kula da nauyin jaka. Jirgin ƙasa na ETS daga KL Sentral zuwa Alor Setar ko Arau. Ko bas na dare daga TBS zuwa Kuala Perlis, wanda ke rage muku kuɗin kwana ɗaya. Wanda zai hau bas na dare ya riƙe rigar sanyi, domin na'urar sanyaya motocin nan ba ta da tausayi.

Daga Kuala Perlis, da ke kusa da Arau, fito zuwa Kuah, babban garin Langkawi, kamar awa ɗaya da kwata ne, daga Kuala Kedah kuma, da ke kusa da Alor Setar, ya kusa awa biyu. Ku sayi tikitin zuwa da na dawowa tare, ku kuma bar tazara mai kyau tsakanin saukar jirgin ruwa da tashin bas, domin janyewar ruwa takan sa a sauya lokacin fito.

A cikin tsibirin ba za ku dogara da motar haya ta gari ba, sai Grab ko ku ɗauki hayar mota. Mai tuƙi ya kasance yana da lasisin da ƙasar ta amince da shi, kuma ya saba da tuƙi ta hannun hagu, saɓanin namu na dama. Kafin ku karɓi mota ku zagaya ta da kyamarar waya, kowane ƙarce ya fito. Babur kuwa, wanda bai saba ba ya bar shi, wanda ya hau ya sa hular kwano.

Ga mutum shida, gidan haya na kwana, wanda suke kira homestay, ya fi ɗakunan otal sauƙi, ga kicin, ga falo da za a yi jam'i. Ku karanta abin da waɗanda suka sauka kwanan nan suka rubuta, musamman kan ruwan famfo da tsabta.

Mataki na 7: Abin da ke shiga jaka

Jakar goyo ɗaya ta isa. Silifas, tawul, kaya marasa nauyi masu saurin bushewa, hula, dardumar sallah, ledar da ruwa ba ya shiga don waya da fasfo, cajar tafi-da-gidanka, maganin sauro, da ƙwayar hana jiri ga mai tashin zuciya a jirgin ruwa, a sha kafin a hau, ba bayan ciki ya fara juyawa ba. Ku sayi ƙaramar kwalbar ruwan khal, za ku ji amfaninta nan gaba. Man kariya daga rana ma ku saya. Muna cewa mu 'yan rana ne, amma ranar bakin teku da gishiri tana saɓule fatar kafaɗa da hanci ko ta baƙin mutum.

Kada a shiga ruwa da jallabiya, doguwar riga, ko wandon jins. Idan suka sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa. Maza su nemi wando mai rufe gwiwa da riga mai kama jiki. Mata kuma a shagunan ƙasar akwai kayan iyo na Musulmi masu rufe jiki duka har da kai.

Yaji, ƙuli-ƙuli da garin kwaki ba sa ɓata tafiya.

Mataki na 8: Ruwan kansa

Duk abin da na faɗa a sama, idan aka yi kuskure asarar kuɗi ce ko ɓacin rai. Wannan kuwa rai ne. Ina roƙonku ku karanta shi tare kafin kowa ya cire takalmi.

Teku ba kogi ba ne. Wanda ya iya iyo a rafin garinsu ya saba da ruwan da ke tafiya gefe guda, ya san inda zurfi yake. Teku yana turowa yana janyewa, ƙasan da ka taka da safe ruwa iya gwiwa, da la'asar yana iya shanye ka. Mafi haɗari shi ne wata igiya da ke komawa ciki da ƙarfi ta wata 'yar siririyar hanya. Abin da ke yaudarar mutane shi ne wurin yakan yi kama da mafi kwanciya: igiyoyi suna fashewa dama da hagu, tsakiya shiru, ruwan ya ɗan yi duhu ko ya gurɓace da yashi. Baƙo sai ya ce bari in shiga ta nan.

Na ga wannan da idona. Ɗaya daga cikinmu, wanda ya ce mana ya iya iyo, yana tsaye ruwa iya ƙirji muna hira, sai muka ga yana nisa. Bai yi ihu ba, domin mai nitsewa ba ya samun numfashin ihu, kansa kawai muke gani yana sama yana ƙasa. Wani mai ba da hayar babur ɗin ruwa ne Allah ya sa ya hango shi. Har yau idan na tuna shirun da muka yi a mota muna komawa masauki, gabana faɗuwa yake.

Don haka ga ƙa'idojin da ba na sassautawa a kansu. Wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa, kuma kada wani ya ja shi ciki da sunan wasa. Jan tuta a gaɓa na nufin ba a shiga, ko da kun ga wasu a ciki. Ku yi wanka inda mutane suke, kusa da masu aikin ceto in akwai su. A kowane lokaci mutum ɗaya ya zauna a kan yashi, aikinsa ƙirga kawuna kawai, ba latsa waya ba, a riƙa karɓa-karɓa. Ba a shiga bayan magariba, ba a shiga idan ana tsawa.

Idan igiyar ta ja ka, kada ka yi kokawa da ita kana neman komawa gaɓa kai tsaye, za ta gajiyar da kai. Ka kwanta rigingine ka bar jikinka ya taso, ka ɗaga hannu ɗaya, in kana da ƙarfi ka yi iyo ta gefe, a jere da gaɓa, har ka fita daga hanyarta. Na kan tudu kuma kada ya faɗa ruwa don ceto in ba gwani ba ne. A yi kururuwa, a jefa masa duk abin da ke tasowa, a kira 999.

A jirgin zagaya tsibirai kowa ya sa rigar kariya daga nitsewa ya ɗaure igiyoyinta, ko da mai jirgin bai matsa ba. A tafkin Dayang Bunting da ke Langkawi ma haka, domin ruwan daɗi ne, ba ya ɗaga jiki kamar na gishiri, kuma yana da zurfi.

Sai wata halitta mai yauƙi kamar farar leda mai jela, wadda 'yan ƙasar ke kira obor-obor. Harbinta kamar wuta yake, wani nau'inta ma yana kisa. Ku tambayi masu jirage ko ana ganinta a kwanakin. Idan ta taɓa mutum, a fito da shi, a kwarara ruwan khal a wurin sosai, kada a murza, kada a zuba ruwan famfo. In numfashinsa ya fara sarƙewa ko ƙirji ya riƙe, asibiti nan take.

Mataki na 9: Sallah da ciki

A nan Malesiya ta sauƙaƙa mana. Kusan kowace tasha, wurin hutun babbar hanya da fitacciyar gaɓa tana da ɗakin sallah, ku nemi allon da aka rubuta surau. Daga Kuala Lumpur zuwa Langkawi ko Perhentian an wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, don haka za ku iya yin ƙasaru matuƙar ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Idan buta ta ƙare, ruwan teku yana alwala. A Muwaɗɗa akwai hadisin mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da hakan, ya amsa masa cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal. Idan Juma'a ta riske ku a Langkawi, akwai masallacin Al-Hana a Kuah.

Abinci kuwa, ku bar gidajen cin abinci na bakin gaɓa masu tsada ku nemi kasuwar dare, pasar malam, wadda a Langkawi kowane dare unguwar da take ci daban. Gasasshen kifi, ikan bakar, da shinkafa da ruwan kwakwa sun ishe ku. Inda ake sayar da kifi ko jatan lande da awo, ku tambayi farashin kilo kuma a auna a gabanku kafin a ɗora a wuta. Ku duba tambarin halal a wuraren da ba na Musulmi ba. Kada ku bar ledar abinci a fili inda birai suke, kuma kada ku ba su komai.

Mataki na 10: Dawowa

Daren ƙarshe ma'aji ya karanta lissafi a gaban kowa, abin da ya shigo da abin da ya fita, a raba saura a wurin. Hotuna a tara su wuri ɗaya, kuma kada a ɗora hoton kowa a Facebook ko Instagram sai da izininsa, musamman 'yan'uwa mata. Da safe a share masauki, a kwashe shara, a cika wa motar haya man da aka yi alkawari, a karɓo kuɗin ajiya. Kayan da suka jiƙe a ƙulle su a leda daban. Ku isa tashar fito aƙalla awa ɗaya kafin lokaci, kuma kada ku zaɓi jirgin ƙarshe na ranar, domin in ya kuɓuce muku sai wani kwanan da ba ya cikin kasafi. Shugaba ya sake ƙirga kawuna da fasfo kafin a taka jirgi.